Faifan da ya koya mini cire hannu daga na'ura

Watana na uku da fara aiki a ɗakin ajiyar sauti na wani gidan rediyo aka ɗora mini kwashe tsofaffin faya-fayan garmaho zuwa kwamfuta. A cikin kwali na biyu na ci karo da Moving Waves, faifan da ƙungiyar Focus ta birnin Amsterdam ta fitar a 1971. Su huɗu ne: Thijs van Leer a kan ogan (abin kiɗa mai kama da piyano) da sarewa, Jan Akkerman da jita, Pierre van der Linden da ganguna, sai Cyril Havermans da jitar bas. A Landan suka naɗe shi, ƙarƙashin kulawar Mike Vernon.

Kiɗan farko, Hocus Pocus, bai ba ni wahala ba. Jita ce mai gurnani da ganguna masu gudu, van Leer kuma yana karya murya daga ƙasa zuwa sama irin ta makiyayan tsaunukan Turai, can ya saki fito. Shi ne ya kai na 9 a jerin mako-mako na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1973.

Da na juya faifan ne na gamu da gamona. Gefen na biyu kiɗa ɗaya ne tal, Eruption, minti 23, an gina shi a kan tsohon labarin Girkawa na Orpheus da matarsa Euridice. Yana farawa can ƙasa-ƙasa, ogan na numfashi, jitar Akkerman na shigowa a hankali har ka rantse goge ne. Na kalli allon kwamfuta na ga layin sautin ya kwanta siriri kamar zare. Ni kuwa na taso a situdiyon da ake cewa in waƙa ba ta cika lasifika ba, ba a gama aiki ba. Nan take na ɗaga wuraren da suka yi sanyi, na danne masu ƙarfi, komai ya zo kai ɗaya. Har na yanka shi gida-gida don sauƙin sakawa a shiri.

Dattijon da ke koya mini aikin ya sa abin ji a kunne, bai kai minti uku ba ya cire.

"Ɗana, wa ya ce maka ba su san inda maɓallin ƙara yake ba?"

Na ce, "Baba, ai ba a ji sosai."

Ya ce in dawo da na asali mu zauna. Muka saurara tun daga saukar allura har ɗagawarta, ba wanda ya yi tari. A nan na ji abin da na ɓata. Sanyin farkon nan shi ke sa in ganguna suka faɗo gabanka ya faɗi. A nawa kuwa sun shigo kamar baƙon da aka riga aka ji sallamarsa tun daga zaure. Ga sashen nan mai suna Tommy, wanda Tom Barlage na ƙungiyar Solution ya tsara, inda jita ke jan sauti ɗaya tana kuka da shi. Danniyar da na yi ta shaƙe shi tun bai gama fita ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsakiya, inda salon jaz ya fito fili: ogan da jita suna ba juna amsa, kowa na ƙirƙira nan take, van der Linden yana sassauta hannu in ɗaya zai yi magana, yana ƙara wuta in ya ga an hau. Duk wannan hirar da hawa da saukar ƙarfi ake yin ta. Ni na goge ta a cikin minti goma.

Na sake aikin daga tushe. Na share faifan da burushi mai laushi, na daidaita ƙarfin ɗauka da wurin da ya fi kowane ƙara, sannan na naɗe hannuwana. Ƙaraf-ƙaraf ɗin ƙura kawai na bi na cire ɗaya bayan ɗaya, ya ci mini yini biyu. Wani ɗan huci na allura da ke ƙarƙashin ogan ɗin farko na bar shi, domin duk lokacin da na gwada cire shi sai ya tafi da wani abu na jitar.

Da Baba ya saurari na biyun, sai da ya kai ƙarshe. Ya miƙo mini kwali na uku.