Yadda na daina mayar da Garchomp ragon layya

A wasan Pokémon Diamond na fara ganin dodon nan Garchomp, a hannun Cynthia, zakarar wasan, kuma ya yi mini dukan da sai da na ajiye wasan na kwana biyu. Tun daga nan na sa shi a rai. Da ƙanina ya nuna mini Pokémon Showdown, inda mutum ke haɗa dodanninsa shida cikin minti biyar ya kara da ɗan Adam irinsa, ban tsaya wani tunani ba, Garchomp na fara ɗauka. A rukunin OU, babban fagen karawa, na zamanin wasannin Sword da Shield nake bugawa, a waya, yawanci bayan Isha'i idan gida ya yi shiru.

A takarda ba shi da makusa. Ƙarfin dukansa 130, jininsa 108, gudunsa 102, jimillar lambobinsa 600. Nau'insa biyu, Dragon da ƙasa, don haka harin lantarki ba ya taɓa shi sam. Har na ji cewa 'yan Smogon, masu tsara dokokin karawar, sun taɓa korarsa daga OU a zamanin Diamond da Pearl saboda ya fi ƙarfin fagen. Sai na ce to, ai magana ta ƙare. Na ba shi ɗabi'ar Adamant mai ƙara ƙarfi, na ɗora masa Earthquake da Outrage, kullum shi ne ɗan gaba.

Mako biyu ina shan kashi, kuma kusan salo ɗaya ne. Zan buɗe da Outrage, mai ƙarfi 120, in kayar da wani abu, in gyara zama ina murmushi. Amma Outrage idan ka sake shi ya kama ka ke nan, zagaye biyu ko uku ba ka canja hari, ba ka janye dodonka, ƙarshe ma ya bar shi cikin jiri. Sai abokin karawa ya turo Weavile, dodon ƙanƙara, cikin kwanciyar hankali. Gudun Weavile 125, kuma ƙanƙara ninki huɗu take yi wa Garchomp illa, tunda nau'o'insa biyu duk suna tsoronta. Ina kallo, yatsana a kan allo, babu abin dannawa. Tun zagaye na uku an yanka mini babban ragona, saura biyar su yi ta fama.

Wani dare ƙanina na leƙen wayar ta kafaɗata, ya ga an sake yi mini irin ta jiya. Ya ce, "Yaya, kai fa kafin a fara ana nuna maka dodanninsa shida. Ka ga Weavile ƙiri-ƙiri, me ya kai ka?" Na ce masa ya je ya kwanta. Amma maganar ta zauna mini, don gaskiya ban taɓa tsayawa na kalli wannan allon farko ba, sauri nake in kai duka kamar sabon ɗan dambe.

Abin da na fara gyarawa ɗabi'ar ce, kuma a nan na gane darajar wannan 102. A mataki na 100, idan ka zuba wa gudu maki 252 na horo, Garchomp mai ɗabi'ar Jolly, mai ƙara gudu, yana kai 333. Mai Adamant a 303 yake tsayawa. Dodanni masu gudu 100, irin su Volcarona da Victini da Mew, iyakarsu 328. Wato ɗigo biyun nan da ke saman ɗari su ne gadon Garchomp, ni kuma na sayar da su don ɗan ƙarin ƙarfin da bai taka kara ya karya ba. Volcarona da ya kamata in riga shi in jefe shi da Stone Edge, shi yake riga ni. Ranar da na koma Jolly na ga bambanci nan take, ko da yake Stone Edge ɗin ma abokin tafiya ne marar amana. Kashi 80 cikin ɗari aka ce yana samu, amma ni dai a ranar da na fi buƙatarsa yake kuskurewa.

Daga nan na yar da Outrage na ɗauki Scale Shot. Harin ƙarami ne, ƙarfinsa 25, sai dai yana bugawa sau biyu zuwa biyar, sannan ya ƙara wa Garchomp gudu mataki ɗaya, ya rage masa tsaro mataki ɗaya. 333 ta koma 499, ta wuce har Dragapult da ke tsayawa a 421. Na haɗa shi da Swords Dance, mai ninka ƙarfin duka, da Earthquake. Gurbi na huɗu ne ya fi ba ni ciwon kai, har yau ma. Idan na sa Fire Fang, harin wuta, saboda masu ƙarfe Ferrothorn da Corviknight, sai in haɗu da Zapdos ina neman harin dutse. Idan na sa Stone Edge, sai Corviknight ya zo ya zauna a gabana, Earthquake ba ya samun mai tashi, Dragon kuma ƙarfe yana shanye shi, in yi ta zuba ruwa a kwando. Maganin da na samu shi ne in bar wa Magnezone wannan aikin. Baiwarsa ta Magnet Pull tana hana masu ƙarfe gudu, ya riƙe tsuntsun ya gasa shi da lantarki.

Akwai lokacin da na gwada ɗaya fuskar Garchomp, mai tsaro. Baiwarsa ta Rough Skin tana cire wa duk wanda ya taɓa jikinsa kashi ɗaya cikin takwas na jini, hular Rocky Helmet kuma ta ƙara kashi ɗaya cikin shida. Mai son U-turn, harin buga-ka-fice, ya shigo ya daka ya fita, sai ya tafi da asarar kusan kashi 29 cikin ɗari. Ga Stealth Rock, tarkon duwatsu mai cin duk dodon da ya shigo, yana shimfiɗawa. Yana aiki, ban musa ba, kuma na ci wasanni da shi. Raina ne dai bai kwanta ba, kamar ka ɗaure dokin sukuwa a keken ruwa.

Wasan da ya fi tsaya mini a rai na buga shi caji na kashi tara, wuta kuma an ɗauke tun la'asar. Mutumin yana da Weavile da Corviknight da Heatran da Tapu Koko, sai Toxapex da Clefable. Wannan karon na tsaya na kalli allon farko, na ce biyu ne matsalata, Weavile da tsuntsun. Na ɓoye Garchomp. Sau ɗaya kawai na leƙo da shi, lokacin da na yi zaton Tapu Koko zai yi Volt Switch, harin lantarki na buga-ka-fice. Ya kuwa yi, harin ya tashi a banza, bai samu ficewa ba, ni kuma na janye nan take don na san yana iya ɗauke da Dazzling Gleam, nau'in Fairy kuwa Dragon ba ya ƙaunarsa. Magnezone ya kama Corviknight a zagaye na goma sha wani abu. Weavile kuma da kansa ya kashe kansa: na sake nuna Garchomp, ya shigo da zumuɗi, na musanya da Ferrothorn mai ƙaya da hula, ya saki Triple Axel. Bugu uku, kowanne da harajinsa, jininsa ya koma ɗan tsigi, Gyro Ball ɗin Ferrothorn ya ƙarasa shi.

Sai da Heatran ya fito sannan na saki Garchomp da gaske. Ƙasa ninki huɗu take cin Heatran, na san ba zai tsaya ba. A wannan zagayen da ya ɓata wajen gudu na yi Swords Dance. Tapu Koko ne ya rage mai riga ni, kuma ya riga ya jigata, don haka da Toxapex ya shigo na danna Scale Shot tukuna domin gudun, ina addu'ar kada Scald ɗinsa ya ƙona ni, tunda ƙuna tana raba ƙarfin duka biyu. Bai ƙona ba. Daga nan Earthquake ne, ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya miƙa wuya kafin na ƙarshe.

Har yanzu Ice Shard, harin ƙanƙara, yana kama ni, don shi ba ruwansa da gudu, shi ke fara fita ko ka kai 499. Na koma ba Garchomp 'ya'yan itacen Yache, mai raba zafin ƙanƙara biyu sau ɗaya tak, wani lokaci ya cece ni, wani lokaci Mamoswine ya jira har an tauna shi. Ƙanina kuwa ya haɗa tawaga mai ƙanƙara biyu musamman domina, kuma jiya ya ci ni sau uku a jere.