Littafina na labaran bayan fage

Fim ɗin Coolie ne ya jefa ni cikin wannan harka. Ina yaro na kalle shi, ana tsakiyar faɗa sai hoton ya tsaya cak, wani rubutu ya fito. Na zaci kaset ɗin ne ya samu matsala. Sai da na girma na gane da gangan aka yi haka. A daidai wurin ne Amitabh Bachchan ya bugu da gefen tebur a watan Yulin 1982, suna ɗaukar faɗa da Puneet Issar, ya ji mummunan rauni a cikinsa har aka fara fid da rai. Da Allah ya tashi kafaɗunsa, darakta Manmohan Desai ya sauya ƙarshen labarin. Da farko an tsara jarumin zai mutu, sai aka bar shi da ransa.

Tun daga lokacin na sayi littafi, duk labarin da na ji game da yadda aka ɗauki wani fim sai in rubuta. Kuskurena shi ne ban tace ba. Abin da kunne ya ji, hannu ya rubuta.

Na daɗe ina ba abokai labarin cewa wani mutum ya mutu a tseren keken doki na Ben-Hur na 1959, wai kuma an bar mutuwar a cikin fim ɗin. Ina faɗa da ƙarfin gwiwa. Wata rana wani abokina ya tambaye ni, a hankali, ko na san sunan mamacin. Ban sani ba. Abin ya tsaya min a rai, na koma na bincika, ashe babu wanda ya mutu a wurin. Abin da ya faru shi ne Joe Canutt, mai shiga madadin jarumin fim ɗin, Charlton Heston, a wurare masu haɗari, keken ya yi tsalle ya cilla shi gaba, ya riƙe gam ya tsira da ɗan yanka a haɓa. Hoton ya yi kyau aka bar shi. Na ji nauyin abin sosai, domin shekaru ina kashe mutum da baki alhali ƙwarewarsa ce ya kamata in yaba.

Daga nan na sa wa kaina doka. Ba na rubuta labari sai na ga wanda yake wurin ya faɗa da bakinsa, darakta ko jarumi ko mai ɗaukar hoto, sannan in nemi wani na biyu. Su ma 'yan wasan sukan ƙara gishiri idan shekaru suka ja, shi ya sa bakin mutum ɗaya ba ya isa ta.

Da na tace littafin, na lura labaran da suka tsira kusan duk na matsala ne da dabarar fita daga cikinta. Kifin shak na roba da ƙarfe da aka ƙera don Jaws na 1975 ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole darakta Steven Spielberg ya rage nuna shi, ɓoyewar kuma ta fi ba da tsoro. A Tunisiya, wajen ɗaukar fim ɗin Raiders of the Lost Ark, ciwon ciki ya kama jarumin, Harrison Ford, sai aka yanke dogon faɗan da zai yi da mai takobi, ya zaro bindiga ya harbe shi kawai.

Wanda na fi ƙauna dai shi ne na The Message, wanda Moustapha Akkad ya fitar a 1976. Fim biyu ya ɗauka a lokaci guda, ɗaya da Larabci ɗaya da Turanci, kowanne da nasa 'yan wasan. A gama fitowa da rukuni ɗaya, sai ɗaya rukunin ya shigo wuri guda a maimaita. Anthony Quinn ya fito a Sayyidina Hamza a na Turanci, Abdullah Gaith a na Larabci. An fara aikin a Maroko, aka ƙarasa a Libiya. Da na san haka sai na nemo duka biyun, na riƙa kallon fitowa ɗaya a nan in koma in kalle ta a can, ina duba yadda kowane Hamza yake hawa dokinsa da yadda yake ɗaga murya. Kwana uku na yi kafin in gama.