Wasiƙa daga Montana: furotin ɗin da ke kare 'yan'uwansa daga zafi

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa, ina rubuto muku ne daga Bozeman a jihar Montana ta Amurka, garin da ba shi da nisa da gandun dajin Yellowstone, a kan wani fannin bincike da nake ganin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi masu gudanar da shi. Batun shi ne irin furotin ɗin da ƙananan halittu masu rayuwa cikin tafasasshen ruwa suke kare kansu da shi, da ƙoƙarin da ake yi na aro wannan kariya domin magani da gwajin cututtuka.

Kowane furotin doguwar sarƙa ce wadda ba ta aiki sai ta naɗe ta ɗauki siffar da aka tsara mata. Zafi yana warware wannan naɗi, kuma idan sarƙoƙin suka warware sai su manne wa juna su dunƙule. Abin da ke faruwa ke nan idan aka dafa ƙwai, ruwansa ya koma fari ya daskare, ba kuma zai sake komawa ruwa ba. Haka kuma yake faruwa ga allurar rigakafi ko insulin idan suka daɗe cikin zafi, sai dai su ba lallai ne ido ya ga lalacewar ba. Saboda wannan ne masana suka daɗe suna ɗaukar cewa babu halittar da za ta rayu a ruwa mai tsananin zafi.

A 1966 Thomas Brock na Jami'ar Indiana da ɗalibinsa Hudson Freeze suka ɗebo samfur daga wani marmaron zafi a Yellowstone, suka sami bakteriyar da suka bayyana wa duniya a 1969 da sunan Thermus aquaticus, wadda ta fi jin daɗin girma a wajen digiri 70 na ma'aunin Salshiyas. Bayan haka aka yi ta samun waɗanda suka fi ta juriya. A 1986 Karl Stetter na Jami'ar Regensburg a Jamus da abokin aikinsa suka bayyana Pyrococcus furiosus, wadda aka samo a gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya, kuma ita ta fi jin daɗin girma idan zafi ya kai digiri 100, wato daidai inda ruwa ke tafasa.

Dabarunsu iri biyu ne. Ta farko ita ce furotin ɗinsu shi kansa a ɗaure yake tamau, bai cika warwarewa ba. Ta biyu, wadda ita ce maƙasudin wannan wasiƙa, ita ce suna da wasu furotin na musamman da aikinsu kawai kula da sauran, waɗanda zan kira 'yan rakiya. Mu ma muna da irinsu a jikinmu. Tun 1962 Ferruccio Ritossa ya lura a Italiya cewa wasu ƙwayoyin gado na ƙudan 'ya'yan itace suna farkawa idan aka ƙara masa zafi. Bambancin shi ne 'yan rakiyar waɗannan halittu suna aiki a zafin da namu da kansu za su dahu. Manyansu suna da siffar ganga mai murfi: furotin ɗin da ya fara warwarewa yana shiga ciki, a rufe shi shi kaɗai inda ba zai manne wa kowa ba, ya sake naɗewa, sannan a sake shi. Ƙananansu kuwa ba sa gyara. Riƙe wanda ya warware suke yi kada ya dunƙule, har zafin ya lafa manyan su karɓe shi.

Dabara ta farko ta riga ta shiga asibitocinmu ba tare da yawancinmu sun sani ba. Gwajin PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1993, yana ninka ɗan guntun DNA ne har ya yi yawan da na'ura za ta gano shi, kuma a kowane zagaye dole a kai zafi wajen digiri 95 domin igiyoyin DNA biyu su rabu. A farko furotin ɗin da ke yin kwafin yana mutuwa a kowane zagaye, sai ma'aikaci ya tsaya yana ƙara sabo da hannu. Da aka koma ga na Thermus aquaticus, wanda ake kira Taq, sai aikin ya zama na na'ura, a zuba sau ɗaya a koma gefe. Duk wanda aka ɗauki majinarsa a lokacin korona, ko aka gwada kakinsa da na'urar GeneXpert don neman tarin fuka, ya ci moriyar wannan hanya.

To amma Taq ɗin ma yana da iyaka, domin a digiri 95 rabinsa yana lalacewa cikin kimanin minti 40. A nan ne 'yan rakiya suka shigo. Frank Robb da abokan aikinsa a Maryland sun nuna cewa idan aka haɗa Taq da 'yan rakiyar Pyrococcus furiosus yana daɗewa da ƙarfinsa a zafi mai tsanani, sun kuma nuna cewa bakteriyar E. coli da aka dasa mata ƙwayar gadon ƙaramin ɗan rakiyar ta fi jure digiri 50, zafin da ke kashe takwarorinta. Muhimmancin wannan shi ne kariyar ba ta tsaya ga mai ita ba, ana iya ba wa wani aronta. Masana'antun da ke amfani da E. coli wajen haɗa furotin na magani suna fama da matsalar dunƙulewar abin da suka haɗa, don haka duk abin da zai rage wannan asara yana da daraja a wurinsu.

Akwai kuma amfanin da bai da alaƙa da zafi kai tsaye. Ƙaramin ɗan rakiyar Methanocaldococcus jannaschii, halittar da aka ɗebo daga ƙasan tekun Fasifik a zurfin mita 2,600, yana haɗuwa guda 24 ya zama ƙwallo mai rami a ciki, faɗinsa kimanin nanomita 12 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A nan Jami'ar Jihar Montana, Trevor Douglas da Mark Young sun gwada ɗaure maganin ciwon daji mai suna doxorubicin a cikin ramin, da nufin a kai shi inda cutar take. A 2002 kuma masu bincike na cibiyar Ames ta hukumar NASA sun yi amfani da manyan 'yan rakiya masu siffar ganga na wata halittar ruwan zafi wajen jera ƙwayoyin zinare ƙanana a sahu-sahu.

Sai dai a gaskiya, kusan duk abin da na lissafa game da 'yan rakiya bai wuce ɗakin gwaji ba, kuma ban ga amfanin a ruɗe ku ba. Furotin baƙo idan ya shiga jikin mutum garkuwar jiki tana iya yi masa tawaye. Manyan gangunan nan suna buƙatar makamashi kafin su yi aiki, kuma da yake a tafasasshen ruwa suka saba, ƙarfinsu yana raguwa a zafin jikinmu na digiri 37. Yawancin alluran rigakafi har yanzu sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma ba ta da tabbas. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka amince a 2012 ta yi kwana huɗu a waje da firji matuƙar zafi bai wuce digiri 40 ba, ba ta hanyar waɗannan furotin ta sami juriyarta ba. Wanda ya ce muku gobe za a daina buƙatar firji ya yi gaggawa.

Abin da nake ganin yana hannunmu yanzu ya fi wannan sauƙi. Haƙƙin mallakar ainihin fasahar PCR, wanda kamfanin Roche ya saya a kan dala miliyan 300 a 1991, ya daɗe da ƙarewa, kuma haɗa Taq ba aiki ne mai wuya ba. Ana dasa ƙwayar gadonsa a cikin E. coli, a bar ta ta hayayyafa, a fasa ta, sannan a ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 75. Furotin ɗin E. coli ya dahu ya dunƙule a tace shi, Taq ya rage lafiya lau. Sashen nazarin sinadaran rayuwa na kowace babbar jami'a a Zariya ko Kano ko Yamai yana iya wannan, maimakon jiran kwalbar da za a sayo da dala a shigo da ita cikin ƙanƙara. Haka nan gwajin LAMP, wata hanyar ninka DNA kamar PCR, wanda aka ƙirƙiro a Japan a 2000 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don tarin fuka a 2016, yana aiki ne da furotin na wata bakteriya mai son zafi a tsayayyen zafi na digiri 60 zuwa 65, ba ya buƙatar na'ura mai hawa da sauka.

Game da neman namu halittun, ruwan Wikki na Yankari digiri 31 ne kacal, ɗumi ne na wanka, don haka ba can za a nufa ba. Marmaron Tafadek a tsaunukan Ayar kusa da Agadas ya fi cancanta a duba, haka ma tarin taki mai ruɓewa, wanda cikinsa ke kai digiri 60 zuwa 70. Amma a rubuta yarjejeniya kafin samfur ya bar ƙasa. Yellowstone ba ta sami ko sisi daga cinikin Taq ba, sai a 1997 ta fara ƙulla yarjejeniyar rabon riba da wani kamfani, kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Nagoya ta 2010 ta ba kowace ƙasa damar gindaya irin wannan sharaɗi a kan halittun da ke cikinta.

Ina gaishe ku baki ɗaya. Wassalam.

Ɗan'uwanku,
daga Bozeman, Montana