Tarwadar da na kiwata a Ikorodu da daren da na kama ɗan garinmu

Ni ɗan masunta ne. A Yawuri aka haife ni, kuma tun ban isa kaciya ba nake bin mahaifina cikin kwale-kwale. Amma ba kamun kifi ne ya kawo ni Legas ba, fataucin banda ne. Na yi shekaru ina karɓar kwalayen busasshen kifi daga Arewa, ina rarraba wa masu tuwo-tuwo da 'yan tebur tsakanin Mile 12 da Agege. Yawancin kayan daga Baga suke tasowa, bakin Tafkin Chadi. Da Boko Haram suka afka wa garin a watan Janairun 2015, daga baya kuma sojoji suka hana safarar kifin yankin bisa zargin cewa kuɗinsa na shiga hannun mayaƙan, sai kaya ya yanke mana. Ana harbi a Borno, miyar wata mai abinci a Agege tana rasa kifi.

Sai na koma sayen ɗanyar tarwada wurin Yarabawa masu kiwo, ina banda ta da kaina a cikin durom. A 2019 na ga gara in kiwata abata. Na kama hayar wani fili a bayan Ikorodu mai tankunan siminti huɗu da rijiyar burtsatse, na zuba 'ya'yan kifi.

Wanda bai taɓa kiwo ba yana ɗauka ruwa ne jarin. A'a, abinci ne. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da za ka kashe a kan tarwada, cikinta yake tafiya, kuma wata huɗu zuwa shida za ka yi kana ciyar da ita kafin ta kai kilo. Abincin nan da masara da waken suya da garin kifi ake haɗa shi, mai kyan kuma daga waje yake zuwa ko da kayan waje ake yin sa, don haka duk motsin da dala ta yi sai ka ji shi a buhu. Ga sauya ruwa, wanda in ka yi sakaci kwana biyu tanki ya yi wari kifi ya fara tasowa sama yana haki. Sauya ruwa kuwa injin jawo ruwa ne, injin kuma fetur yake sha, don wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce. Sannan dole ka riƙa ware manya daga ƙanana, in ba haka ba su cinye junansu.

Shekarun farko na samu rufin asiri. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan 460 ta zarce 1,500 a farkon shekarar da ta biyo. Buhun abincin kifi ya ninka ya ƙara. Masu kiwo da dama a layinmu suka zubar da ruwa suka kulle ƙofa. Ni na rufe tanki biyu na riƙe biyu.

Tun kafin wannan akwai wani yaro ɗan garinmu da ke aiki wurina. Acaɓa yake yi a Surulere har ranar 1 ga Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana babura a ƙananan hukumomi shida. An kama babur ɗinsa, ga shi bai gama biyan mai shi ba. Ya zo mini a Mile 12 ya durƙusa, ya ce, "Kawu, ko shara ce ka ba ni." Na kai shi Ikorodu, shi ke ba kifi abinci, shi ke gadi, na yanka masa albashin wata. Yaro ne mai sallah, ba ya shaye-shaye, yana da mata da 'ya'ya biyu a gida.

Abin da ya fara ja mini hankali shi ne yadda kifin ke cin abinci. Tarwada mai yawa in ka watsa mata, ruwa tafasa yake yi. Sai na ga tanki ɗaya ya yi sanyi, abinci na ragowa yana yawo a sama, alhali babu mushe, babu alamar cuta. Na yi shiru. Wani daren Alhamis na ce masa Agege zan kwana, na dawo bayan sha biyu na zauna a bayan katanga. Wajen ƙarfe biyu na ji motsin koma a ruwa, na ga Keke Napep a bakin hanya ba ta kunna fitila ba.

Ban yi ihu ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya kama bakina. A Legas in aka ce "ole", wato ɓarawo da Yarabanci, da tsakar dare, ba ka san inda abin zai tsaya ba. Mutane a fusace suke, an sha ƙone mutum a kan abin da bai kai buhun kifi ba. Na haska shi da tocila kawai. Ya saki komar ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Kawu, wata biyu ke nan ba ka ba ni cikakke ba. Kuɗin da nake turawa gida da yana sayen kwano goma na gero, yanzu biyar ba ya saye. Mai babur kuma kullum yana kira."

Gaskiya ya faɗa. Albashin da na yanka masa a 2022 shi nake ba shi har lokacin, sau biyu kuma na jinkirta saboda na fifita buhun abincin kifi a kan haƙƙinsa. Wannan bai halatta masa abin da ya yi ba. Sata sata ce, kuma na san mutane da yawa da suka fi shi shiga matsi ba su taɓa kayan kowa ba. Amma ni ma na ɗora mai jin yunwa a kan abinci na tafi na bar shi, kuma Allah zai tambaye ni wannan. Mai Keken nan da ke saye a rabin farashi ya kai kasuwa da asuba, shi ne na fi jin haushi, don shi ba yunwa ce ta fito da shi ba.

Dattawanmu na Hausawan unguwar suka zauna a kan maganar. Aka lissafa abin da ya ɗiba, aka cire bashin da yake bi na, ragowar ya biya a hankali. Daga nan na sauya tsari. Ranar zuba 'ya'yan kifi tare muke ƙirgawa mu rubuta, duk wanda ya mutu a ajiye mini in gani, kuma ban da albashi yana da kaso a kowane kilo da aka auna ranar kwasa. Duk Juma'a yana ɗaukar kifin miya a gabana. Tun daga lokacin lissafina bai sake yin giɓin da ya wuce na mutuwa ba.

Da na faɗa wa wani Bature, wato wani dattijo ɗan ƙabilar Egun da muke yi wa wannan laƙabi saboda haskensa, wanda nake sayen kifin laguna, wato babban tafkin da ke haɗe da teku, wurinsa idan na je Epe, sai ya girgiza kai ya ce nawa mai sauƙi ne. Su injin jirgi ake kwance musu da dare, kuma mai injin da aka sace ya tashi daga masunci ya koma ɗan aiki. Waɗanda nasu ke nan ba sa iya zuba man da zai kai su nesa, sai su tsaya kusa da gaɓa, inda masu haƙar yashi suka riga suka dagula ruwa. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tarun da na gani a jiragensu, mai ƙananan idanu kamar gidan sauro. Mahaifina ba ya barin irin wannan ya shiga ruwa, don 'ya'yan kifi yake kwasowa, waɗanda da an bar su su ne kamun baɗi. Dattijon ya san haka sarai. Ya ce mini jikokinsa yau za su ci abinci, ba baɗi ba.

Ƙasar nan dama kifin da take samarwa bai kai rabin wanda take buƙata ba. Ana rage giɓin ne da daskararren kifin waje da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa, su titus da kote da shawa, a kai ɗakunan sanyi na Ijora. Da dala ake sayen sa, da dizal ake sanyaya shi, to shi ma da talaka ke gudu wurinsa in nama ya gagara, ya yi tsada tare da namu.

A teburina nake ganin sakamakon. Akwai wata Iya mai sayar da shinkafa kusa da tashar Agege, da kwali guda take ɗauka duk mako. Ta koma rabi. Kifin da take yankawa uku yanzu biyar take yanka shi, ta ce ko a haka samarin da ke ci wurinta "ba kifi" suke cewa, a zuba musu miya zalla. Makon jiya ta aiko 'yarta ta tambaye ni ko zan riƙa tara mata kawuna da gutsattsarin da ke zuba a ƙasan durom. Da kyauta nake ba almajirai wannan. Yanzu ina raba shi biyu, rabi nasu rabi nata. Tankunan nan biyu da na rufe kuwa har yau a bushe suke, mai filin yana ta tambaya ko zan sake su ya ba wani.