Tsohuwar Dell ɗina da batirin Golf

Kwamfutar da nake rubuta lissafin dankali a cikinta Dell Latitude E6410 ce, ta wajen shekarar 2010. Batirinta ya daɗe da mutuwa, da zarar an zare waya sai ta ɗauke ɗif. A Jos ina lallaɓawa da wutar NEPA, amma ranar da na tafi Bokkos sayen kaya, mota ce ofishina.

Da farko inbata na saya a Taminus, ƙaramar nan da ake sokawa a ramin kunna sigari. Ga yadda take aiki: batirin mota volt 12 yake bayarwa, ita inbata ta ɗaga shi zuwa 230 irin na gida, sannan cajar kwamfuta ta sake sauko da shi 19.5. Wannan hawa da sauka duk wuta yake ci, shi ya sa akwatin ke zafi har ba ka iya riƙe shi, fankarsa na ta kuka kamar sauro. Kwana uku ta ƙona min fiyus.

Na kai wa mai wayarin ɗina a Farin Gada. Ya juya cajar ya karanta bayanta, ya ce, "Alhaji, wat 90 ce fa. A kan volt 12 ta haura amfiya 7, ga abin da inbatar ke ci, fiyus ɗinka kuma na 10 ne. Ka haɗa da cajin waya, me kake jira?" Yaron shagon ya ce a naɗa waya kawai a madadin fiyus. Maigidan ya harare shi, ya ce so kake motar Alhaji ta kama da wuta?

Shi ya nuna min cajar mota da ke ɗaga 12 kai tsaye zuwa 19.5. Sai dai Dell na da wani tsiro siriri a tsakiyar bakin cajarta, da shi kwamfutar ke gane ko cajar tata ce. Ta farko da na ɗauko ba ta gane ta ba, sai ta koma tafiyar hawainiya, Excel ma da ƙyar yake buɗewa. Na mayar na ƙara kuɗi.

Yanzu sai na tada mota tukuna kafin in soka, domin lokacin da ake murza makulli wuta na faɗuwa, kwamfutar ta mutu da lissafin buhu arba'in ban adana ba. Ya taɓa faruwa.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne wani daren Disamba da na kashe inji don tsimin mai, na zauna ina aiki a ƙofar gida sama da awa biyu. Da asuba, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, na murza makulli sai "ƙyat-ƙyat". 'Yan masallacin layinmu ne suka tura ni har gangare, limamin ma da hannunsa a bayan but.