Tris ce ta cinye mini mako uku a aikin ɗaure furotin

Har yau in na ga kwalbar Tris, wato bafar da ake ajiye furotin a ciki don daidaita pH, sai na ji haushi. Furotin da nake aiki a kai enzayim ne mai ɓangarori huɗu, yana wargajewa da zarar zafi ya haura digiri 50, na so in ɗaure ɓangarorin da sinadarin glutaraldehyde domin ya jure.

Na zuba kashi 0.05 cikin ɗari a kan furotin miligiram 1 a kowace mililita, na bar shi minti 20 a zafin ɗaki. Jel na SDS-PAGE, mai raba furotin bisa girmansa, ya fito da layi ɗaya tak a gurbin ɓangare guda, kamar ban taɓa shi ba. Na ɗora laifin a kan tsufan sinadari, na buɗe sabuwar kwalba. Jiya i yau. Sai na yi ta ƙarawa har 0.5, nan ma wani layi dishi-dishi kawai ya leƙo daga sama.

Ashe furotin ɗin cikin Tris 100 mM yake zaune tun daga wajen tacewa. Glutaraldehyde dai rukunin sinadari da ake kira amin yake kamawa, na jikin lysine, ɗaya daga cikin tubalan furotin, ita kuma Tris amin gare ta, kuma ta ninka na furotin nesa ba kusa ba. Bafar nake ta ciyarwa. Abin takaicin, ita ce fa ake zubawa a ƙarshe don tsayar da aikin, kuma na sani sarai.

Na yi dayalisis, wato sauya bafar da furotin yake ciki, kwana guda a digiri 4 cikin fosfet 50 mM, pH 7.5, na sauya ruwan sau biyu. Bafar HEPES ma za ta yi, glycine kuwa sahun Tris take, ita ma amin gare ta. Sai dai na manta ban rage glutaraldehyde ba, na sake zuba 0.5 ɗin nan. Cikin 'yan mintoci ruwan ya yi gauraye, ya ɗauki launin rawaya, furotin ya dunƙule ya maƙale a bakin ramin jel, aikin enzayim ya kusa mutuwa gaba ɗaya. Rabin abin da na tace ya tafi a nan.

Wanda ya yi daidai shi ne 0.02 na minti 10, sannan a zuba Tris mai pH 8 har ta kai 100 mM, a jira minti 15. Layin ɓangarori huɗu ya fito tas, enzayim ya riƙe aikinsa a digiri 60. Wannan adadin nawa ne, naka ka nemo shi da ƙananan tiyub shida, daga 0.005 zuwa 0.1, kafin ka taɓa babban kaso. In kuma wani ne ya ba ka furotin, ka tambaye shi cikin me yake, kada ka yarda da rubutun jikin tiyub.