Wai man fetur ba ya ƙarewa?

Akwai wata magana da ke ci min rai, wai man fetur ba daga ragowar halittun teku ya samu ba, wai can ƙarƙashin ƙasa yake tsirowa da kansa kullum. Eh, masana irin su Nikolai Kudryavtsev na Tarayyar Sobiyet sun kawo ra'ayin tun 1951, wani masanin, Thomas Gold, ma ya sa aka yi haƙa a yankin Siljan na ƙasar Suwidin don neman irin wannan man, ba a samu abin kirki ba. Ɗanyen mai kuwa ɗauke yake da alamun ganyen tsirrai da ƙananan halittu, abin da ke nuna daga ragowar halittu ya samu. Amma masu son a yi ta ƙona mai ba ruwansu, sun riƙe zancen suna ruɗar mutane wai ba ya ƙarewa, sauyin yanayi kuma ko oho.